Ƙwayoyin T da alaji: me ya sa Piriton ke yi wa wani aiki, ya ƙi yi wa wani?

Hauwa: Assalamu alaikum malamaina. A aji an koya mana cewa alaji aikin IgE ne, wani furotin na garkuwar jiki: ya manne a jikin ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, su kuma su saki histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. To idan haka ne, me ya sa mai borin jini yake samun sauƙi da Piriton cikin awa guda, amma mai asma, ko yaro mai ekzima, ko amaryar da baƙin lalle ya sa hannunta ya yi bororo, ko an ba su babu abin da yake yi musu sai sa barci? Kuma a ina ƙwayoyin T, wato wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini masu tafiyar da garkuwa, suke shigowa?

Farfesa Lawal: Wa alaikumus salam, Hauwa. Histamin shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nau'i ɗaya kawai na alaji. Mu koma farko.

A ɗauki ƙwaron ƙura, wannan ɗan mitsitsin da ke zaune a katifa da filo. A cikin kashinsa akwai furotin mai suna Der p 1 wanda ke yanka mahaɗin da ke tsakanin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyar numfashi. Da sun ji rauni sai su saki saƙon gargaɗi iri uku: TSLP, IL-33 da IL-25 (IL gajeren sunan intalukin ne, saƙonnin da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna). Ƙwayar garkuwa mai gadi da ake kira dendiritik da ke wurin ta haɗiye furotin ɗin, ta tafi da gutsurensa zuwa kaluluwa mafi kusa, ta nuna wa ƙwayar T mai alamar CD4 wadda ba ta taɓa aiki ba. Abin da wannan sabuwar ƙwaya za ta zama ya danganta da saƙon da ta tarar a wurin. In IL-12 ta samu, ta kunna makunnin cikinta mai suna T-bet ta zama nau'in Th1, mai fitar da saƙon intaferon gama. In IL-4 ne, furotin STAT6 ya kunna makunnin GATA3 ta zama nau'in Th2. Tim Mosmann da Robert Coffman ne suka fara rarrabe waɗannan biyun a jikin ɓeraye a 1986.

Th2 tana da manyan saƙonni uku. IL-4 yana sa ƙwayoyin B, masu ƙera furotin na garkuwa, su koma ƙera IgE. IL-5 yana zuwa ɓargo ya ƙara yawan iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini mai kawo kumburi, ya kuma tsawaita ransu. IL-13 yana ƙara majina mai kauri, yana sa tsokar hanyar iska ta riƙa tsukewa kan abu kaɗan. Duk wannan shiri yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni, mutum bai ji komai ba. Sai a haɗuwa ta gaba ƙwayoyin mast su fashe cikin mintuna, wannan ne Piriton ke tarewa. Amma bayan kamar awa 4 zuwa 8 akwai zagaye na biyu, lokacin da Th2 da iyosinofil suke isowa wurin da kansu. Wannan zagayen babu ruwansa da maganin histamin. Ba mai asma Piriton tamkar yayyafa wa toka ruwa ne, garwashin yana ƙasa.

Dokta Kabir: Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, na yarda da tsarin, amma ina tsoron ɗalibai su fita da cewa asma duk Th2 ce. Ba haka take a ɗakin duba marasa lafiya ba.

Na farko, tun 2010 aka gano ILC2, wasu ƙwayoyin garkuwa da ke fitar da IL-5 da IL-13 ɗin nan ba tare da sun gane wani takamaiman abu ba. Saƙon gargaɗin nan uku kaɗai ya ishe su. Shi ya sa ake samun babban mutum da asma ta fara masa bayan shekara 40, iyosinofil cike da jininsa, hancinsa da tsiro, amma gwajin fata bai nuna yana da alaji da komai ba. Shi ya sa ma yanzu aka fi cewa kumburi nau'i na 2, don a haɗa Th2 da ILC2.

Na biyu, akwai waɗanda kakinsu nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini daban da iyosinofil, ne ya cika shi. A nan ana zargin wani nau'in ƙwayar T, Th17, mai makunnin RORγt, wadda IL-17 ɗinta ke sa a kira nutrofil, tare da Th1. Waɗannan ba sa jin sitiroyid sosai. Ana yawan ganinsu cikin masu ƙiba, masu shan taba, da waɗanda suka daɗe cikin hayaƙi. Ƙara musu prednisolone ba ya buɗe ƙirji, sai dai ya kawo hawan jini, sukari da raunin ƙashi.

Farfesa Lawal: Gaskiya ne, Likita. Sai dai kada mu ba Th17 matsayin da ba ta kai ba. An gwada brodalumab, maganin da ke toshe makarɓar IL-17, wato inda saƙon ke sauka a jikin ƙwaya, a kan masu asma, sakamakon da aka buga a 2013 bai nuna amfani ba, alhali a ciwon fata na soriyasis yana aiki ƙwarai. Haka ta faru da Th9, ƙwayar T mai fitar da IL-9: a ɓera IL-9 yana ƙara ƙwayoyin mast da majina, amma maganin toshe shi bai taimaki mutane ba. Ganin ƙwaya a wurin ciwo ba ya nufin ita ke tuƙa ciwon. Th2 kuwa an tabbatar, domin in an toshe saƙonninta mutane na samun sauƙi.

Dokta Kabir: A nan ba mu da saɓani. Abin da nake so a riƙe shi ne a auna kafin a ƙara magani. Iyosinofil na jini 150 zuwa sama a kowace maikrolita yana nuna nau'i na 2, 300 zuwa sama ya fi ƙarfin hujja. Inda akwai na'urar FeNO, wadda ke auna iskar naitirik oksaid a numfashi, ƙasa da 25 ga babba kaɗan ne, sama da 50 ya yi yawa. IL-13 ne ke ɗaga shi, taba kuma tana saukar da shi. Kuma a ƙasarmu, kafin a ce wa mai tari da kukan ƙirji yana da asma marar jin magani, a duba tibi, a duba zuciya, a tambayi da me ake girki a gidan, a kuma sa shi ya shaƙi inhelarsa a gabanka ka ga yadda yake yi.

Malam Nura: Likita, bari in sa baki daga ɓangaren lab, domin lambar 300 ɗin nan tana da tarko a wurinmu.

Takardar sakamako sau da yawa kaso take bayarwa, ba adadi ba. Sai an lissafa: fararen ƙwayoyin jini 8,000, iyosinofil kashi 5 cikin ɗari, ya zama 400. Wani mai kashi 5 ɗin amma fararen ƙwayoyinsa 4,000 ne, nasa 200 ne. Kaso ɗaya, hukunci daban. Sannan wanda ya sha prednisolone ko deksametazon daga kemis jiya, yau iyosinofil ɗinsa zai iya sauka kusan sifili. A jira mako 1 zuwa 2 bayan gama sitiroyid na sha, a maimaita gwajin har sau 3 kafin a ce babu. Adadin yana kuma sauyawa tsakanin safiya da dare, don haka a riƙa ɗiban jinin a lokaci iri ɗaya.

Babban tarkon shi ne tsutsa. Th2 asalin aikinta yaƙi da tsutsar ciki ne. Yaron da ke wanka a dam ko yake aiki a gonar shinkafa zai iya zuwa da iyosinofil 900 da IgE sama da 1,000 ba tare da alaji ko ɗaya ba. Ba a fassara waɗannan lambobin sai an duba bahaya, an kuma tace fitsarin tsakar rana don neman ƙwan tsargiya.

Hauwa: Malam, nan ne kaina ya ɗaure. In tsutsa tana tada Th2 da IgE haka, ai kamata ya yi yaran karkara su fi kowa alaji. Amma an ce a birni ya fi yawa.

Farfesa Lawal: Wannan tambayar ce ta rusa tsohon bayanin sikeli, wai in Th1 ta hau Th2 ta sauka. Bayan David Strachan ya lura a 1989 cewa yaran da ke da yayye da yawa ba su cika alajin hanci ba, an ɗauka cututtukan yarinta ne ke ƙarfafa Th1 su danne Th2. Amma tsutsa Th2 take tadawa, kuma cututtukan Th1 irin su sukari nau'i na 1 su ma ƙaruwa suke yi a ƙasashen da alaji ke ƙaruwa. Sikeli ba zai bayyana hakan ba.

Amsar tana wurin ƙwayoyin T masu tsawatarwa, Treg. Shimon Sakaguchi ya bayyana su a 1995 da alamar CD25, daga baya aka gano FOXP3 ne makunninsu. A kan wannan aikin aka ba shi kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Suna aiki da IL-10 da TGF-beta, suna kuma shanye IL-2 da sauran ƙwayoyin T ke buƙata. Jaririn da aka haifa da lalataccen FOXP3, ciwon da ake kira IPEX, yana zuwa da ekzima mai tsanani, gudawa, sukari da IgE mai yawan gaske tun watannin farko. Wannan ya nuna abin da Th2 ke yi in babu mai riƙe ta.

Tsutsar da ta daɗe a jiki tana tada Th2 da Treg tare, don ta samu zama. A wani bincike da aka yi a Gabon aka buga a 2000, yaran da ke da tsargiya sun fi ƙarancin kumburin fata ga ƙwaron ƙura, kuma an danganta hakan da yawan IL-10.

Akwai kuma batun ingancin IgE ɗin. Yanzu an fahimci cewa ba Th2 da ke cikin huhu ko fata ce ke koya wa ƙwayoyin B ba, wata ƙwayar T ce mai suna Tfh, mai alamun Bcl6 da CXCR5, wadda ke zaune cikin kaluluwa. A 2019 aka bayyana wani reshenta, Tfh13, mai fitar da IL-13 tare da IL-4, wanda ake samu lokacin alaji amma ba lokacin tsutsa ba, kuma shi ke haifar da IgE mai kama abu gam har ya kai ga anafilaksis, wato alaji mai tsanani da ke kama jiki duka har ya iya kisa. IgE na tsutsa yana da yawa amma riƙonsa sako-sako ne, wani kuma sukarin da ke jikin furotin yake kamawa, irin wanda tsutsa da tsirrai suka yi tarayya a kai. A Gana an auna 'yan makaranta aka samu da yawa suna da IgE na gyaɗa a jini, musamman masu tsargiya, amma ƙalilan ne fatarsu ta amsa ko suka taɓa samun matsala da cin gyaɗar.

Dokta Maryam: Farfesa, abu biyu nake so in ɗora a kai don kada a fahimce ka a baibai. Ɗaya, babu wanda ya ce a bar yaro da tsutsa don gudun alaji. Tsargiya tana lalata mafitsara da ƙoda, tsutsar ƙugiya tana shanye jini. A ba da maganinsu. Biyu, kada a hana yaro ƙuli-ƙuli, ƙwai da madara saboda takardar IgE kawai. Ana cutar da yara da wannan, su rame a banza. Tarihi ne kan gaba: me ya ci, bayan minti nawa abin ya fito, ya maimaitu ko bai maimaitu ba. Sai gwajin tsira fata: a ɗiga ruwan abin a damtse, a tsira, a karanta bayan minti 15 zuwa 20, kumburin ya fi na ruwan gishiri da milimita 3. Dole a sa ɗigon histamin a gefe. In shi bai kumbura ba, yaron ya sha maganin histamin a kwanakin nan, gwajin ya ɓaci. A dakatar da irin su Piriton da loratadin aƙalla kwana 3 zuwa 7 kafin a zo.

Hanyar da abinci ya fara shiga jiki tana da tasiri a kan wace ƙwayar T za a samu. Ta hanji, yawanci Treg ake samu. Ta fatar da ekzima ta tsattsage, Th2. Binciken LEAP na Ingila, wanda aka buga a 2015, ya ɗauki jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11 masu ekzima mai tsanani ko alajin ƙwai. Da suka kai shekara 5, kimanin kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka hana gyaɗa sun kamu da alajinta, waɗanda aka riƙa ba su kuwa kimanin kashi 3. Don haka kunun gyaɗa mai laushi bayan an fara ba jariri abinci ba abin tsoro ba ne. Ƙwayar gyaɗa guda ce ba a ba ƙaramin yaro saboda shaƙewa, kuma a guji wadda ta yi fumfuna. Mai ekzima mai tsanani a fara kai shi a duba.

Dokta Zainab: Hauwa, ƙanwata, amaryarki har yanzu ba a amsa mata ba. Nata ciwon babu IgE a cikinsa ko kaɗan.

Jan lalle na gargajiya da wuya ya kawo alaji, ko da yake ba a shafa wa jariri mai ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, yana iya fasa masa jini. Baƙin kuwa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi, PPD. Ƙanƙanin abu ne, yana ratsa fata ya manne da furotin ɗin jiki, sai garkuwa ta ɗauki furotin ɗin a matsayin baƙo. Masu kai harin su ne ƙwayoyin T masu alamar CD8, waɗanda ke kashe ƙwaya, da Th1, da intaferon gama da sinadaran huda ƙwaya. Shi ya sa yake jinkiri. Wadda ta fara yi, sai bayan kwana 7 zuwa 14 zanen zai taso da ƙaiƙayi da bororo daidai yadda aka zana. Wadda jikinta ya riga ya sani, kwana 1 zuwa 3. Kuma abin na har abada ne: duk ranar da ta rina gashi da baƙin rini fuska da fatar kai za su iya kumbura. Haka nikel yake yi a ɗan kunne, agogo da maɓallin wando.

Gwajinsa daban ne. Ana liƙa faci a gadon baya, nikel salfet kashi 5, PPD kashi 1 cikin man baselin, amma ga wadda ta taɓa yin bororo da baƙin lalle a rage ƙarfin ƙwarai. A cire bayan awa 48, a sake karantawa a awa 72 zuwa 96. Kada ruwa ko gumi ya taɓa wurin, wanda a zafin Afrilu ba ƙaramin aiki ba ne. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a shafa da yatsa a ji tudu da ƙananan ƙuraje, a haska fitila daga gefe. Maganin histamin ba ya ɓata wannan gwajin, sitiroyid ne ke ɓata shi, na sha ko wanda aka shafa a bayan.

Wani abin da muke gani kullum shi ne baƙin tabo mai zagaye a leɓe, hannu ko al'aura, wanda ke tashi a wuri ɗaya duk lokacin da aka sha Septrin, Fansidar ko wani maganin ciwon jiki. Dalili shi ne bayan karon farko wasu CD8 masu alamar CD69 da CD103 suna zama a wannan fatar, ba sa komawa jini. Da maganin ya dawo, cikin awoyi suke farkawa. Irin waɗannan mazauna fata ne ake ganin suna sa ekzima ta riƙa dawowa a lanƙwasar gwiwa ɗaya.

Mafi haɗari shi ne ciwon Stevens-Johnson da mafi tsananinsa, TEN, waɗanda magani ke jawowa, inda CD8 ke sakin wani sinadari mai kashe ƙwaya, granulaisin, fata ta saluɓe. Yana farawa kwana 4 zuwa 28 bayan fara magani, da zazzaɓi, jan ido, gyambon baki da zafin fata. Ƙasa da kashi 10 na fatar jiki shi ne na farko, sama da kashi 30 shi ne TEN. Magungunan salfa, nevirapine, carbamazepine, phenytoin, phenobarbital da allopurinol ne kan gaba, kuma masu HIV sun fi shiga haɗarin duk da CD4 ɗinsu ya ragu. A tsayar da maganin nan take, a kwantar a asibiti, a kira likitan ido tun ranar farko.

Hauwa: Na gode Anti. Gwajin HLA, wato gwajin alamar gado a jini, da ake cewa a yi kafin carbamazepine fa, ya shafe mu?

Dokta Zainab: HLA-B*15:02, alamar da ake nema a wannan gwajin, a kudu maso gabashin Asiya yake da yawa, Sinawa, mutanen Tailan da Malesiya. A wurinmu yana da wuya, don haka rashinsa ba kariya ba ne. Abin da ke ceton rai a nan shi ne a faɗa wa mutum alamomin tun ranar da aka rubuta masa maganin, kuma wanda ya taɓa yi a rubuta masa sunan maganin a kati ya riƙa yawo da shi.

Hajiya Rakiya: Daga ɓangaren magunguna, in an bi bayanin malamai za a ga kowanne inda yake kamawa. Salbutamol tsoka kawai yake sassautawa, ba ya taɓa Th2, shi ya sa tun 2019 ƙa'idar GINA, jagorar maganin asma ta duniya, ta daina amincewa a bar babba ko matashi a kansa shi kaɗai. Sitiroyid na shaƙa, kamar budesonide maikrogiram 200 zuwa 400 a rana ga babba, shi ke rage IL-4, IL-5 da IL-13. Yana ɗaukar kwanaki zuwa makonni kafin a ji daɗinsa, nan ne mutane ke yankewa su ce ba ya aiki. A kurkure baki bayan shaƙa. Man tacrolimus, kashi 0.03 ga yara daga shekara 2, kashi 0.1 ga manya, yana toshe wani furotin mai suna kalsinurin, sai ƙwayar T ta kasa kunnuwa. Ba ya sirantar da fata, don haka ya dace da fuska da fatar ido, sai dai yana raɗaɗi a kwanakin farko.

Alluran zamani kowace da saƙon da take tarewa: omalizumab IgE, mepolizumab IL-5, benralizumab makarɓar IL-5, dupilumab makarɓar da IL-4 da IL-13 suke tarayya a kai, tezepelumab TSLP, nemolizumab makarɓar IL-31, wanda shi ne saƙon Th2 da ke taɓa jijiyar ƙaiƙayi kai tsaye. Wannan IL-31 ɗin ne amsar yaronki mai ekzima, Hauwa: ƙaiƙayinsa ba na histamin ba ne. Tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu, kuma masu tare IL-5 da IL-4 an rubuta a takardarsu a yi maganin tsutsa kafin a fara.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran nan masu ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, yawanci maza 'yan ƙasa da shekara 10, abin ya tsananta lokacin zafi da ƙura. Th2 da iyosinofil ne a fatar idon. Ana saya musu ɗigon deksametazon a kemis, ya yi aiki nan da nan, a ci gaba da ɗigawa watanni. Ƙarshensa gilakoma ko yanar ido, alhali ciwon kansa yakan lafa bayan balaga. Ɗigon sitiroyid na ɗan lokaci ne, a hannun likitan ido mai auna ƙarfin ruwan ido. Na dogon zango shi ne irin olopatadine ko cromoglycate, in ya ƙi a koma cyclosporin ko tacrolimus.

Malam Nura: Hajiya, a ƙara da tsutsar Strongyloides. Tana iya shekaru a jiki shiru, gwajin bahaya guda ɗaya kuma sau da yawa ba ya kama ta. In aka danne Th2 da sitiroyid mai yawa sai ta bazu zuwa huhu da jini, kuma a lokacin iyosinofil ɗin ma ba ya hawa balle ya tona ta. Mai yawan iyosinofil da ba a san dalilinsa ba, a yi tunanin ivermectin maikrogiram 200 a kowane kilo kafin dogon sitiroyid. Wanda ya zauna a dazuzzukan kudu ko Kamaru inda ake da tsutsar ido ta Loa loa, a fara duba jininsa.

Dokta Kabir: Saura hanya ɗaya da ke sauya ƙwayoyin T ɗin kansu maimakon tare saƙonsu, wato sabar wa jiki da abin a hankali. Leonard Noon ya fara ta a Landan a 1911. Ana farawa da ɗan kaɗan a ƙarƙashin fata mako-mako ana ƙarawa, sannan a koma wata-wata har shekara 3 zuwa 5, ko kuma ƙwaya a ƙarƙashin harshe kullum. Cikin watanni Treg masu IL-10 suna ƙaruwa, Th2 masu gane abin suna raguwa, ƙwayoyin B su koma ƙera wani furotin na garkuwa, IgG4, wanda ke kama abin kafin ya kai ga IgE. Inda ake samun matsala: a yi wa wanda asmarsa ba ta kwanta ba, ko a zaɓi abin bisa takardar IgE da tsutsa ta rikita, ko a bar mutum ya tafi kafin minti 30. Dole adirenalin ya kasance a kan tebur, miligiram 0.5 a tsokar cinya ga babba, 0.01 a kowane kilo ga yaro, a maimaita bayan minti 5 in bai farfaɗo ba. Hydrocortisone da Piriton ba sa maye gurbinsa.

Hauwa: Likita, wannan hanyar za ta yi wa mai alajin baƙin lalle ko nikel aiki?

Dokta Zainab: A'a. An kafa ta ne don alajin IgE: ƙwaron ƙura, ƙurar furanni, dafin zuma. CD8 da suka riga suka zauna a fata ba a da tabbatacciyar hanyar sabar musu. Amaryar a wanke wurin, a shafa sitiroyid mai ƙarfi kamar betamethasone sau 1 zuwa 2 a rana na mako 1 zuwa 2, ban da fuska, in ya bazu sosai likita ya ba da na sha a janye a hankali cikin mako 2 zuwa 3 don kada ya dawo. A gaya mata tabon, baƙi ko fari, zai iya kai watanni kafin ya baje, kuma ta riƙa karanta kwalin duk rinin gashi tana neman PPD ko phenylenediamine kafin a sa mata.